Kundin Ƙarar da Na Kai Bankina a Ingila Kan Tarar Shekara Shida

Litinin, 8 ga Janairu, 2007

Yau na fara. Shekara da shekaru bankin da albashina ke shiga yana yankar mini tara duk lokacin da asusu ya gaza, ni kuma ina haɗiyewa don na ɗauka haka doka ta ce. Na watan jiya ne ya kai ni bango. Kamfanin wuta ya zo cirar kuɗinsa kwana ɗaya kafin albashi ya shiga, saura fam 6 kuɗin su cika, banki ya mayar da su hannu wofi ya rubuta mini tarar fam 30. Ranar da suka zo cire tarar, ita da kanta ta tura asusun ƙasa da sifili, sai ga wata fam 28 ta biyo baya.

Na kwashe hutun ƙarshen shekara ina karatu a kan lamarin. A dokar Ingila, idan ka saɓa yarjejeniya, wanda ka saɓa wa yana da haƙƙin karɓar abin da ya yi daidai da asarar da ka jawo masa, amma ba shi da ikon hora ka da tarar da ta zarce hankali. Tun 1914 kotun ƙoli ta lokacin ta shimfiɗa wannan a shari'ar kamfanin tayoyi na Dunlop. Akwai kuma ƙa'idojin 1999 da suka hana sharuɗɗan zalunci a yarjejeniyar kamfani da mai saye. Sannan a Afrilun bara, OFT, ofishin da ke sa ido kan adalci a kasuwanci, ya ce duk tarar katin bashi da ta haura fam 12 zai ɗauke ta a matsayin rashin adalci, ya kuma ce hujjar ta shafi asusun yau da kullum. Tambayata ɗaya ce, kuma ita zan riƙe har ƙarshe: nawa banki ke kashewa idan kwamfuta ta ƙi biyan kuɗi ta buga wasiƙa guda?

Na aika wasiƙar neman duk bayanan asusuna a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 1998, da cakin fam 10, wanda shi ne iyakar abin da za su iya karɓa. Doka ta ba su kwana 40. Da rajista na aika, na ajiye rasit a ambulan.

Asabar, 13 ga Janairu

Na buɗe asusu a wani bankin daban. Na ji ana rufe wa masu ƙorafi asusu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan waya ya nuna sun karɓi wasiƙata ran 10, ke nan wa'adinsu 19 ga Fabrairu.

Litinin, 29 ga Janairu

Sun ciri fam 10 ɗin. Ban da wannan shiru.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Ƙunshi ya iso, na buɗe da murna, murnar ta koma ciki. Takardun sun fara ne daga Maris 2003. Wata gajeriyar wasiƙa a sama ta ce waɗanda suka gabaci haka suna kan maikurofish, wato ƙananan hotunan fim da ake adana tsofaffin takardu a kansu, kuma wai dokar ba ta tilasta musu bincika irin wannan ma'ajiya ba. Idan ina so, in biya kuɗin kowace takarda daban.

Na buga waya da rana lokacin hutun aiki. Mutum uku aka miƙa ni hannunsu, kowa na maimaita masa labarin daga farko, na ƙarshen ya ce zai "rubuta a fayil". Minti 34 na yi a kan layi ban samu ko sunan sashen da ke riƙe da takardun ba. Daga yau na daina waya da su. Duk abin da za mu faɗa wa juna ya zama a rubuce, don maganar waya ba ta da shaidar da zan ajiye gaban alƙali.

Talata, 20 ga Fabrairu

Wa'adi ya cika jiya. Na rubuta musu cewa na ba su kwana 7 su kawo sauran, in ba haka ba zan kai kuka Ofishin Kwamishinan Bayanai. Na ce musu tunda suna iya zaƙulo takarduna da lambar asusu idan na biya, to ma'ajiyar a tsare take, kuma bayanaina ne a ciki.

Asabar, 3 ga Maris

Sauran takardun sun iso shekaranjiya, ba tare da ko kalma ɗaya ta bayani ba. Hotunan sun yi dishi-dishi amma suna karantuwa.

Bayan yara sun kwanta muka baje su a kan teburin cin abinci ni da uwargida. Ni ina bin layi-layi da alƙalamin shafa launi mai ruwan ɗorawa, ita tana rubuta rana da adadi a littafi. Mun kai kusan ƙarfe ɗaya na dare. Tara 63 muka ƙirga: 31 na fam 30, 22 na fam 28, 8 na fam 35, da 2 na fam 25. Jimla fam 1,876.

Ba jimlar ce ta fi taɓa ni ba. Da muka iso Nuwamba 2004 sai na ga shafin ya kusa rinewa da launi. Watan da na kwanta ciwon baya ke nan, sati biyar ban je aiki ba, abin da ke shigowa ya ragu ƙwarai. A wannan wata ɗaya sun ci ni tara sau shida, fam 178. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Uwargida ta ajiye biro ta ce, "Maigida, watan nan ne fa na sayar da sarƙata muka cika kuɗin haya." Na kasa ce mata komai. Na duba shafukan da albashi ya zo cikakke da ƙarin awowi, fari tas, ba ko ɗigo. Duk inda launin ya taru, lokaci ne da muke cikin matsi. Wanda ke da kuɗi a asusu kyauta ake riƙe masa shi a ƙasar nan, kuma daga aljihun wanda ba shi da su ake fanshewa. Wannan ne ya sa ba zan bar maganar ba.

Litinin, 5 ga Maris

Wasiƙa ta farko ta tafi, da jadawalin tarar a haɗe. Na nemi a mayar mini da kuɗina cikin kwana 14, ko kuma su nuna mini lissafin ainihin abin da kowace gazawa ta jawo musu.

Talata, 20 ga Maris

Amsa ta zo, irin wadda ake bugawa dubbai: tararsu a bayyane take cikin sharuɗɗan da na sa wa hannu, kuma suna ganin ta dace. Ba su taɓa tambayar lissafin ba. Na aika wasiƙar gargaɗi ta ƙarshe, wadda kotu ke son a ga an aika kafin a shigar da ƙara. Wasu kwana 14.

Asabar, 31 ga Maris

Tayi ya zo: fam 620, "don kyautata hulɗa", ba tare da amsa laifi ba, da sharaɗin in sa hannu cewa magana ta ƙare.

Mun ɗan ja da uwargida. Ta ce, "Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ka karɓa mu huta." Ban ga laifinta ba, ita ke riƙe da lissafin gidan kuma ta san inda fam 620 za su toshe. Na ce mata kashi ɗaya cikin uku ne kawai na abin da suka kwasa, kuma wanda ya tabbata yana kan gaskiya ba ya fara miƙo kuɗi kafin a kai shi ko'ina. Na nuna mata abin da na karanta game da haɗarin: ƙarar da ba ta wuce fam 5,000 ba takan faɗa sashen ƙananan ƙararraki, inda ko ka sha kaye ba a ɗora maka kuɗin lauyoyin ɗaya ɓangaren, sai in alƙali ya ga ka yi rashin kan gado a tafiyar da ƙarar. Abin da za mu iya rasawa shi ne kuɗin kotu. Ta yi shiru, can ta ce in yi abin da na ga ya dace, Allah ya taimaka.

Na rubuta musu cewa zan karɓi fam 620 a matsayin wani ɓangare na bashin kawai, sauran kuma zan bi su ta kotu. Na san za su janye tayin.

Talata, 10 ga Afrilu

Na ɗauki rabin yini daga aiki na je kotun yanki, na dawo ban shigar da komai ba.

Na zaɓi fom na takarda, N1, maimakon shigarwa ta intanet, saboda gurbin bayani a intanet ƙarami ne kuma ina son in liƙa jadawalina. Matar da ke kanta ta duba ta ce kwafi ɗaya na kawo, uku ake bukata: na kotu, na wanda ake ƙara, da nawa. Sannan ta ɗora yatsa a inda na rubuta adireshin reshen unguwarmu ta ce ba a ba ta izinin ba da shawarar doka ba, amma in sake duba cikakken sunan kamfanin da adireshin ofishinsa mai rajista. Yana nan rubuce da ƙananan haruffa a ƙasan kowace wasiƙarsu, ban taɓa lura ba. Na yi mata godiya sosai, don da ta so sai ta karɓa kawai.

Daga nan na wuce Citizens Advice, inda ake ba da shawara kyauta. Wani dattijo ya bi jadawalin da fensir ya tsaya a layi biyu na farko. Dokar 1980 ta ba da shekara shida a nemi irin wannan haƙƙi, kuma ana ƙirgawa ne baya daga ranar da aka shigar da ƙara, ba daga ranar da na fara rubuta wasiƙa ba. Tarar Fabrairu da Maris 2001, fam 25 kowace, sun faɗa waje. Da takarduna sun zo cikakku tun farko, da wataƙila na cim ma ɗaya daga ciki. Ya ce akwai masu kafa hujja da cewa an ɓoye musu gaskiyar tarar, don haka wa'adin bai fara ba, amma hanya ce mai santsi. Na cire su. Gara in shiga da abin da ba a iya ja. Saura tara 61, fam 1,826.

Sai maganar kuɗin ruwa. Dokar kotunan yanki ta 1984 ta ba mai ƙara damar ƙara kashi 8 cikin ɗari a shekara a kan kowace tara tun daga ranar da aka cire ta, kuma a nawa lissafin zai kai ɗaruruwan fam. Dattijon ya yi mamaki da na ce ba zan nema ba, har ya sake tambayata. Na yi ta juya abin a raina tun watan jiya. Zuciyata ba ta kwanta da shi ba, kuma abin da aka ɗauka daga asusuna nake bi, ba ƙari ba.

Alhamis, 12 ga Afrilu

An karɓa. Kwafi uku, fam 120 kuɗin shigarwa. A bayanin ƙarar na kafa hujja uku: tarar horo ce da dokar yarjejeniya ba ta yarda da ita ba, sharaɗi ne na zalunci a ƙa'idojin 1999, in kuma sun ce ladan aiki ne, to dokar samar da kaya da hidima ta 1982 ta ce ladan ya zama mai ma'ana. Hannuna ya ɗan yi rawa wajen sa hannu a ƙarƙashin shaidar cewa duk abin da na rubuta gaskiya ne, na sake karantawa sau biyu a tsaye.

Abin da na kashe zuwa yau: fam 10 na bayanai, fam 120 na kotu, kusan fam 9 na gidan waya da kwafi.

Juma'a, 20 ga Afrilu

Sanarwar kotu ta zo. An ɗauka ƙarar ta isa hannunsu ran 19. Suna da kwana 14 su amsa sun gani, in sun amsa wa'adin kare kai ya zama kwana 28, wato 17 ga Mayu.

Laraba, 2 ga Mayu

Lauyoyinsu sun amsa, sun ce za su kare ƙarar baki ɗaya.

Laraba, 16 ga Mayu

Daren jiya barci ya ƙaurace mini. Labarai sun ce a Birmingham wani alƙalin kotun yanki ya ba wani banki gaskiya a ƙara irin tawa. Ya karɓi hujjar cewa mai asusun bai saɓa wata yarjejeniya ba, kuɗin da aka cire ladan hidima ne, don haka maganar tarar horo ba ta taso ba.

Da safe na zauna na yi tunani da sanyin kai. Hukuncin alƙali a wannan matakin ba ya ɗaure sauran alƙalai. Amma ya nuna mini ramin da ke gabana: dole in tabbatar da cewa a tawa yarjejeniyar, wuce iyakar asusu saɓawa ce. Na sauko da akwatin tsofaffin takardu daga saman kabad, na yi sa'a na samu ɗan littafin sharuɗɗan da suka ba ni ranar buɗe asusun. A shafi na huɗu an rubuta ƙarara cewa wajibi ne in tabbatar akwai isassun kuɗi kafin kowane biya, kuma kada in wuce iyakar da aka amince. Abin da aka ce wajibi ne, ƙin yin sa saɓawa ce. Na kuma samu wasiƙu bakwai da suka aiko mini a shekarun baya masu cewa na wuce iyaka "ba da izini ba". Duk na yi kwafinsu.

Asabar, 19 ga Mayu

Takardar kare kansu ta iso ta hannun kotu, shafi uku. Kamar yadda na zata, ladan hidima suka ce. Babu adadi ko ɗaya a ciki na abin da hidimar ke ci musu. Tare da ita akwai fom ɗin tambayoyin da alƙali zai duba ya sanya ƙarar a sashen da ya dace. Da yake kuɗin sun haura fam 1,500, sai na biya wasu fam 100 wajen mayar da shi.

Talata, 29 ga Mayu

Na mayar da fom ɗin. Fam 100 ɗin daga ajiyar uwargida suka fito, ita ta miƙo mini ban tambaya ba. A gurbin ƙarin bayani na roƙi alƙali ya umarce su su kawo lissafin ainihin kuɗin da suke kashewa.

Alhamis, 14 ga Yuni

An sanya ƙarar a sashen ƙananan ƙararraki. Zama ran Talata 24 ga Yuli. Kowane ɓangare ya miƙa wa kotu da abokin shari'arsa takardun da zai dogara da su kwana 14 kafin nan, wato 10 ga Yuli. Alƙali bai ba da umarnin da na roƙa ba. Zan yi tambayar da bakina a zauren.

Laraba, 27 ga Yuni

Tayi na biyu daga lauyoyin: fam 1,400, ban da kuɗin kotu, da sharaɗin kada in faɗa wa kowa. Na ƙi. Na rubuta musu adadin da zai rufe maganar, fam 2,046, wato 1,826 da 120 da 100, kuma ba tare da an ɗaure mini baki ba. Akwai mutanen da nake son su ji yadda aka yi.

Juma'a, 6 ga Yuli

Kundin shaida ya kammala, shafi 94, kowane da lambarsa: bayanina na shafi biyu, jadawali, takardun asusu, wasiƙunmu bi da bi, littafin sharuɗɗa, sanarwar OFT. Kwafi uku sun ci fam 14. Na kai na kotu da hannuna aka buga mini hatimi, na lauyoyin ya tafi da rajista. Kullum da dare ina karanta bayanin da ƙarfi, uwargida tana zama a matsayin alƙali tana jefo tambayoyi. Wadda ta fi ba ni wuya ita ce, "To ai ka san da tarar, me ya sa ka ci gaba da wuce iyaka?" Amsar da na tsaya a kai: ban musa na gaza ba, adadin da aka ɗora wa gazawar nake ƙalubalanta.

Laraba, 11 ga Yuli

Wa'adin ya wuce jiya, babu ko takarda ɗaya daga ɓangarensu. Na tambayi kotu, su ma ba su samu ba. Na rubuta wa alƙali na sanar da shi.

Laraba, 18 ga Yuli

Alhamdulillahi. Ran Juma'a wasiƙa ta zo cewa za su biya fam 2,046 cif, ba tare da amsa laifi ba, wai don kuɗin zuwa kotu ya fi abin da ake jayayya a kai. Sharaɗin rufe baki ya ɓace. Ban janye komai ba sai da na ga kuɗin a asusu yau da safe, sannan na rubuta wa kotu cewa an biya, a soke zaman.

Na fara mayar wa uwargida fam 100 ɗinta, na kuma ce ran Asabar za mu je ta zaɓi sarƙa. Abin da ba zai dawo ba: fam 10 na bayanai, kusan fam 30 na aike da kwafi, fam 50 da wa'adi ya cinye, da rabin yinin aiki.

Wani abu ya tsaya mini a rai duk da haka. Wata shida ina tambaya ɗaya, sun gwammace su biya da su amsa ta.

Litinin, 23 ga Yuli

Sanarwa ta zo cewa za su rufe asusuna nan da kwana 30. Na riga na mayar da albashi, haya da kuɗin wuta sabon asusun.

Asabar, 28 ga Yuli

Komai ya canza a makon nan. OFT da bankuna bakwai da wata ƙungiyar ba da lamunin gidaje ɗaya sun amince su kai maganar Babbar Kotu don a yanke ta sau ɗaya ga kowa. Hukumar FSA mai sa ido kan harkokin kuɗi ta ba bankuna izinin jingine koke-koken tara har sai an gama, kuma ana sa ran kotunan yanki za su dakatar da ƙararrakin da ke gabansu. Da zamana ya kasance a Agusta, da yanzu ina cikin masu jira.

Wanda abin ya shafa shi ne Baba, dattijon da muke aikin dare tare. Ni na zuga shi, ni na taya shi ƙirga nasa, fam 2,300 da ɗoriya, ya shigar da ƙara a watan Yuni da kuɗin da ya ranta. Ya kira ni jiya da yamma ya ce, "Yaro, yanzu kuɗin kotun ma sun tafi ke nan?" Na ce masa, "Baba, ƙarar tana nan, dakatarwa ba kora ba ce," amma ban iya ce masa ga ranar da za a gama ba.

Na karanta sanarwar FSA a hankali. Izinin jinginewar bai shafi waɗanda ke cikin matsanancin ƙuncin kuɗi ba, dole banki ya ci gaba da duba nasu. Baba yana da bashin haya na wata biyu da wasiƙar gargaɗi daga kamfanin gas. Gobe bayan azahar zan je gidansa da fom ɗin lissafin shiga da fita. Na ce ya nemo takardun albashinsa na wata uku, da wasiƙar mai gidan, da ta gas ɗin. Ran Litinin wasiƙar za ta tafi da rajista, kwafi ɗaya kuma mu kai kotu a sa a fayil ɗinsa.